Kwamfutar da Yayata Ta Haɗa da Hannunta

Idan ana hirar masu taurin kai ba na barin kowa ya riga ni magana, domin a ɗakinmu aka haifi shugabarsu. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce ta fari, ni ce auta, kuma tun da na buɗe ido na san kaina nake ganinta da sukudireba a hannu.

Babanmu tela ne. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran takalma, ɗaki ne dogo mai ƙofa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Kekunan ɗinki suna jere a jikin bango, teburin yanka yana tsakiya, teburin guga yana can ƙurya inda zafi ya fi yawa. A nan muka tashi, a nan muka yi rarrafe cikin ƙyallaye, kuma a nan Yaya ta fara ɓarna. Ba ta bar rediyon Baba ba, ba ta bar agogon bango ba, ko dutsen guga sai da ta ga abin da ke cikinsa. Abin haushin shi ne tana mayar da su su yi aiki, sai dai kullum a samu ƙaramin noti ɗaya ya yi saura a tafin hannunta. Baba zai yi ta faɗa kamar ya ari baki, ya ce yarinyar nan sai ta kwance masa shago wata rana. Amma ranar da keke ya cije, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ba ya kiran kowa sai ita.

"Ke Babba," haka yake ce mata, "zo ki duba mini wannan."

Ta hau keke tun ƙafarta ba ta gama kaiwa feda ba. Ta yi aure, ta haihu, 'ya'yanta suka girma, duk ba ta bar kujerar nan ba. Ni kuwa ɗinki bai taɓa karɓata ba, layina karkacewa yake yi ko da an ja mini alli. Sai aka ba ni almakashi da dutsen guga, aka haɗa mini da karɓar baƙi, tunda kowa ya shaida Allah ya hore mini baki. Akwai wasu teloli biyu da ke aiki tare da mu, amma duk unguwar an san ɗinkin da ya fi wuya na Yaya ne.

Sai gwiwarta ta dama ta fara ciwo. Da farko ta ɓoye, ta riƙa ɗaure ta da ƙyalle a ƙarƙashin zani. Da abin ya ci tura, mijinta ya kai ta asibiti kusan da ƙarfi, likita ya duba ya ce gwiwar ta cinye, idan tana son ta ci gaba da taka ƙasa da ƙafarta to ta rabu da feda. Ranar da ta dawo ta zauna a bakin teburina tana kallon kekenta.

A lokacin idon Baba ya riga ya yi rauni, ya daina saka zare a allura. Amma shago nasa ne, maganarsa ce ta ƙarshe. Shi ke zuwa da sassafe kafin kowa ya buɗe, ya yi shara, ya kintsa wuri, sannan ya ja bencinsa bakin ƙofa ya zauna yana amsa gaisuwa. Da ya ji abin da likita ya ce bai yi dogon bayani ba.

"Kin yi iya naki, Babba. Ki koma gida ki huta."

"In huta in yi me, Baba?"

"Abin da masu hutawa suke yi."

Ba ta yi masa musu ba, Yaya ba ta musu da Baba. Sai dai bayan 'yan kwanaki ta zo masa da wata magana. Akwai wani shago da za a rufe a wata unguwa, suna da injin aiki, irin wanda ake ba shi zane shi kuma ya ɗinka da kansa, fure ne ko rubutu ko tambari, ba ruwansa da ƙafar mutum. Abin da yake bukata kawai wanda zai zauna ya tsara masa zanen a kwamfuta, ya nuna masa inda kowane ɗinki zai bi. Ta ce wannan aikin ido ne da kai, kuma duka biyun nata lafiyarsu ƙalau. Baba ya ce ta gwada.

Injin ya zo, saura kwamfuta. Kowane mai hankali kasuwa zai je ya ɗauko haɗaɗɗiya, ya jona, ya kama aiki. Yaya ta je ta duba ta dawo tana yatsina fuska, wai waɗanda ta gani na rubuta wasiƙa ne, ba za su ja zanenta ba, kuma ita ba za ta zauna da abin da ba ta san cikinsa ba. Ta shiga kallon bidiyo a waya, ana cin abinci tana kallo, ana hira tana kallo. Ta samu wani mai sayar da kayan kwamfuta a bayan tasha, wanda muke kira Mai Gilashi, ta riƙa zuwa tana tsare shi da tambayoyi har ya fara ajiye mata kujera. Ɗaya bayan ɗaya ta tara kayan, sannan wata safiya ta ture yadin da nake shirin yankawa gefe ta baje su a kan teburina.

"Yaya, teburina ne fa."

"Na sani, Auta. Riƙe mini fitila."

Haka na tsaya da fitila a hannu ina kallonta. Akwatin ƙarfe ne baƙi, samansa duk ƙananan ramuka kamar rariya don iska ta fita. Ta ɗaura babban faifan da komai ke maƙalewa a jikinsa, ta danna sandunan ram, wato na ƙwaƙwalwar kwamfutar, guda biyu a gurbinsu har suka ce ƙas, ta saka katin da ke fitar da hoto, ta ɗaura akwatin wuta a ƙasa, fanka a gaba, fanka a sama. Wayoyin kuwa ta jera su ta ɗaure tsaf, kamar mai kalmasa bakin riga. Da ta gama na leƙa tafin hannunta, babu noti ko ɗaya. Ta danna maɓalli, fankoki suka juya, allo ya kawo haske. Ihun da na yi sai da mai kantin magani ya fito da gudu yana tambayar wa ya faɗi.

Ba zan ɓoye ba, na yi ta fankama da abin nan fiye da mai shi. Duk wanda ya shigo, ko maɓalli ya kawo a saka masa, sai na nuna masa akwatin na ce yayata ce ta haɗa, da hannunta, ba wani injiniya. Aiki kuwa ya zo. Masu son suna a aljihun riga, masu son fure a wuya, direbobi masu son tambari a hula. Tana zaune ƙafarta miƙe a kan ƙaramar kujera, tana jan layi a allo, injin yana ta sukuwa a gefenta. Har wata malamar makaranta ta zo ta ba mu aikin da ba mu taɓa samun irinsa ba, bajon yunifom na ɗalibansu gaba ɗaya, kowane aji da launinsa da rubutunsa, a gama kafin a koma hutu.

Ana cikin haka allon ya fara yin baƙi.

Ba wani gargaɗi, ba ƙara, ba hayaƙi. Tana tsakiyar zane sai kawai hoto ya ɗauke. Fankoki suna juyawa, ƙaramar fitilar gaban akwatin tana ci, amma allo baƙi ƙirin, ka danna duk abin da za ka danna ko gezau. Sai an kashe an sake kunnawa, kuma duk abin da ba ta adana ba ya tafi. Wata rana ya yi sau ɗaya, wata rana ya ƙi yi sam, wata rana kuma kafin ta sha shayinta ya yi ya sake yi. Ta koyi adanawa bini-bini, amma akwai ranar da ya ɗauke tana cikin adanawar, zanen aji guda ya lalace, ta koma farko.

Lokaci yana tafiya, yadin mutane yana jibge. Sai Yaya ta fara abin da aka hana ta. Idan allon ya yi baƙi ta ga aiki ya tsaya, sai ta lallaɓa ta hau tsohon kekenta ta riƙa yin gefen bajon da ƙafa. Ta manta wanda ke zaune a bakin ƙofa. Baba ba ya gani sosai, amma ya san takun kowa a kan feda, bai ko waiwayo ba.

"Babba, sauka daga kan keken nan."

Ta sauka tana ɗingishi. Ya sa ta zo gabansa, ya kai hannu ya taɓa gwiwar, ta kumbura tim.

"Na ba ki dama kin gwada," ya ce. "Ban ba ki dama ki gurgunta kanki a gabana ba. Ki ji da kyau. Idan akwatin nan bai daidaita ba, za a mayar wa malama yadinta tun da sauran lokaci ta nemi wani wuri, ke kuma ki koma gida. Ba zan sake maimaitawa ba."

"To, Baba."

Abin da ta ce ke nan, amma ni na ga idonta. Mace ce da ba ta san wata rayuwa ba sai ta shagon nan, kuma yanzu zamanta a cikinsa ya rataya a kan akwatin da ita da kanta ta haɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen da na cika wa kunne sun fara zuwa jaje da murmushi a gefen baki. Wani ya ce dama abin da ba kamfani ya haɗa ba sai a hankali. Na ba shi amsar da har yau ba ya bi ta ƙofarmu.

Shawara kuwa ta zo kamar ruwan sama. Mai gyaran takalma ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Mai kantin magani ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga. Ni shawarata ita ce a ɗan maka masa mari a gefe, tunda haka muke yi wa talabijin ɗin gida kuma yana ji. Yaya ta saurari kowa ta yi godiya, sannan ta ce ita abu ɗaya za ta riƙa canzawa a lokaci guda.

"Idan riga ta ƙi zama a jiki, ba ka farke ta gaba ɗaya," ta ce. "Kafaɗa za ka fara buɗewa ka gwada. In ka taɓa wuri biyar tare, ko ta gyaru ba ka san me ya gyara ta ba."

Ta fara da wayar da ke kai hoto allo, ta saka sabuwa. Ya yi baƙi. Ta aro allon mai kantin magani ta jona, shi ma ya yi baƙi, aka wanke namu daga zargi. Ta buɗe akwatin ta zare sandunan ram, ta goge bakinsu da ƙyalle, ta mayar da ɗaya ta bar ɗaya a waje. Sai abu ya tsaya cak, kwana da kwanaki ba ko ƙyaftawa. Na bi layi ina shela cewa Yaya ta kama ɓarawon. Ban gama zagaye ba ya sake yin baƙi, da sanda ɗaya a ciki. Ta musanya da ɗayar, ta goge, ya yi lafiya na 'yan kwanaki, ya koma gidan jiya.

Ta goge manhajar katin hoto ta saka sabuwa, ta koma tsohuwa. Ta saka wani abu a gefen allo da ke nuna zafin cikin akwatin, ta riƙa kallonsa kamar mai jinya, zafi bai taɓa wuce kima ba. Mai Gilashi ya ara mata wani katin hoto, ya ara mata akwatin wuta, kowanne ta gwada shi shi kaɗai. Kullum labarin ɗaya ne, in ta buɗe ta taɓa ta goge sai a samu sauƙi, bayan 'yan kwanaki a koma ruwa. Daga ƙarshe muka ɗauki akwatin a mota muka kai masa shago. Ya wanke bakin komai da sifirit, ya kunna, ya ɗora masa aiki mai nauyi, ya bar shi yana yi har ya gaji da jira.

"Anti, wallahi ban ga laifin haɗin nan ba," ya ce. "Ni kaina ba zan ɗaure waya haka ba. Abin da ke damunsa yana shagonku."

Wannan magana ta faranta mini rai, har sai da na gane inda ta dosa. Muna dawowa Yaya ta kalli ƙurya ta ce dutsen guga yana jan wuta da yawa, a dakatar da shi a gani. Ni aka mayar mai laifi ke nan. Na zauna na naɗe hannu, kaya suna taruwa a yamutse, ina cika ina batsewa. Da allon ya yi baƙi alhali dutsena yana sanyi ƙalau, Allah ya gafarta mini, sai da na yi 'yar rawa kafin na tuna abin da hakan ke nufi. Ta ce to ko girgizar injin aiki ce ke sassauta wani abu, aka raba musu tebur. Bai hana ba.

Malamar makaranta ta aiko a ji inda aka kwana. Baba ya ce a faɗa mata gaskiya nan da ƙarshen mako, ko eh ko a'a. Ranar Yaya ba ta taɓa kwamfutar ba. Ta zauna ta zuba mata ido kawai, can ta ce da ni, ba canjin kaya ne ke kawo sauƙin ba, gogewar ce. Duk abin da ta canza, sai ta goge wurin kafin ta mayar. Ke nan akwai abin da ke taruwa a ciki a hankali, kuma a shagon tela me zai taru in ba burbushin zare da gashin yadi ba? Ta sa na yanko mata farin ƙyalle marar kauri, wanda iska ke ratsawa, ta shimfiɗa shi ta ciki a ƙarƙashin ramukan saman akwatin, ta ɗaure gefensa, don ta ga irin dattin da ke shiga.

Da ta buɗe bayan kwana biyu, ba zare muka gani ba. A tsakiyar ƙyallen akwai tabo zagayayye, ruwan ɗorawa mai haske, gefensa ya bazu. Babu telan da zai ga wannan tabo ya tambayi mene ne, domin shi ne abin da muke tsoro a kan farar rigar mutane. Ta kai hanci duk da haka.

"Man keke," ta ce.

Sai komai ya fito fili. Man yana sauka ta ramukan sama ya faɗa kan fanka, fanka ta watsa shi, ya gangara cikin gurbin ram da ke ƙasanta, gashin yadi ya bi ya manne. Ta sha ganin ɗan maiƙo a yatsunta idan ta zare sandunan, amma hannun tela dama kullum da maiƙo yake, kuma mu da muka tashi cikin warin man nan hancinmu ya daina jin sa. Ni nan take na ɗora laifin a kan telolin nan biyu, na fara naɗe hannun riga. Yaya ta riƙe ni.

"Rufe bakinki, Auta, ko na yini ɗaya ne. Gobe ki zo da wuri, ki same ni a ƙofar baya."

Da sassafe muka tsaya a ƙofar baya, ta ɗan tura ta kaɗan. Baba ya riga ya buɗe gaba, ya gama shara. Sai muka ga ya laluba aljihu ya fito da 'yar gwangwanin mai, mai dogon baki. Ya fara daga keken farko. Ya shafa kan keken, ya nemo ramin mai da yatsa, ya ɗiga, ya juya ƙafar keken da hannu yana saurare, sannan ya wuce na gaba. Ashe haka yake yi kowace safiya tun kafin a haife mu, shi ya sa ba mu taɓa jin keke ya yi ƙara a shagon nan ba, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba. Ya bi su duka, ya yi wa injin aiki nasa. Sannan ya tsaya a gaban akwatin Yaya. Ya shafa samansa har ya ji ramukan, ya ɗiga sau ɗaya, ya ɗan yi jim, ya ƙara.

"Ke ma ki sha," muka ji ya ce a hankali. "Ina jin kukanki duk yini. Ki daina ba 'yata wahala, kin ji?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ga dariya tana cina, ga haushi, duk a lokaci guda. Na ja Yaya baya na ce mata cikin raɗa kada ta kuskura ta faɗa masa. Mu samu wani abu mu rufe saman, ko mu mayar da akwatin inda hannunsa ba zai kai ba, shi ke nan, kowa ya huta. Tsoho ne, abin da ya rage masa a sana'ar ke nan, in ya ji shi ne ya jawo duk wannan ina zai sa kansa?

"Baba tela ne, ba jariri ba," ta ce. "In na ɓoye masa na raina shi."

Ta tura ƙofa ta shiga da sallama, ni ina biye kamar wadda aka kama da sata. Ta gaishe shi, ta ce tana so ya duba mata wani abu. Ta kwance gefen akwatin, ta kama yatsansa ta kai kan fankar sama, ta gangara da shi zuwa gurbin ram, sannan ta saka masa farin ƙyallen a hannu. Ya murza yatsunsa, ya kai ƙyallen hanci.

"Wannan ne ke kashe miki hoton?"

"Ina zaton shi ne, Baba. Ita wannan ba ta shan mai. Fankarta a rufe take, da nata man a ciki tun daga kamfani. In wani ya shiga, hana wuta wucewa yake yi."

"Ni ne ke nan."

"Man ne, Baba."

"Man da kansa ya hau tebur? Ni na kai shi." Ya laluba bencin ya zauna. "Da ta fara yi miki gardama ma ƙara mata na riƙa yi. Na ce ko bai ishe ta ba ne."

Na buɗe baki in ce wani abu na sassauci, Yaya ta harare ni na haɗiye. Shi kuma bai nemi a lallashe shi ba. Tambaya ya yi irin ta mai sana'a, ya ce ta tabbata man ne kaɗai, babu wani abu a bayansa? Ni da a ce ni ce, da na rantse masa nan take. Ita kuwa, da zamanta a shagon yake hannunsa, ta ce ba ta tabbata ba, sai ta wanke ta gwada, kuma in ya sake yin baƙi ita da bakinta za ta gaya masa. A rayuwata ban taɓa jin ina alfahari da mutum kamar wannan safiyar ba.

Ta kwance akwatin gaba ɗaya a kan teburina, wannan karon ban ce uffan ba. Ta wanke gurbin ram da sifirit da ƙaramin buroshi, ta wanke faifan, ta bar su suka bushe, ta cire fankar sama ta saka sabuwa. Ta mayar da komai nata na asali, ta aika wa Mai Gilashi da kayan aronsa. Sannan ta buɗe zanen da ya fi kowanne nauyi ta kama aiki.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na matsalar wahala, domin mun sha ganin sauƙi irin wannan ya yaudare mu. Ban yi shela ba, ko mai kantin magani da ya tambaya na ce masa muna nan dai. Baba ya ci gaba da zuwa da sassafe, yana bin kekunansa, yana tsallake tebur ɗaya. Amma ya rage hira, ko masu gaishe shi a taƙaice yake amsa musu, kuma bai ce ya janye maganarsa ba. Kullum in za a tashi sai ya juyo da kansa wajen Yaya.

"Ya yi?"

"Bai yi ba, Baba."

Sai ya gyaɗa kai ya nemi sandarsa. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, ba wanda ya ɗauko zancen mayar da yadi. Injin yana ta aiki, bajo yana taruwa aji bayan aji, har ranar da muka ɗaure na ƙarshe, allon nan bai ƙyafta ba.

Malamar ta zo da kanta karɓa. Ta zaro ɗaya daga tsakiyar ɗauri, ta duba gaba, ta juya baya, ta ja zaren da farce bai motsa ba. Ta ce gaskiya ta ji an ce mun samu matsala har ta fara neman wani wuri, amma yanzu tana da wata magana, rigunan wasanni na makarantar ma suna son tambari, kuma tana so a riƙa yi musu duk shekara. Ta juya wajen benci ta ɗan rusuna.

"Baba, da kai za mu yi maganar ko? An ce kai ne mai shagon."

"Da can ne," Baba ya ce. "Ni yanzu mai nake zuba wa kekuna, shi ma sai an nuna mini wanda ke sha." Ya ɗaga sandarsa ya nuna inda yake jin ƙarar fanka. "Ga mai shagon can. Abin da ta ce shi ke nan."

Telolin nan biyu suka tsayar da ƙafa. Yaya ba ta ɗago ba. Can ta sauke ƙafarta daga kan ƙaramar kujera, ta dafa tebur ta miƙe tsaye, ta je gaban benci ta durƙusa a kan gwiwar da likita ya ce ta cinye.

"Tashi, Babba," ya ce. "Tashi mana. Baƙuwarki tana jira."